Abin da Ke Hana Likita Zama a Karkarar Filato

Duk mai gida a unguwannin Jos irin su Gangare, Anguwar Rogo ko Rikkos da ke da dangi a Wase ko Dengi ya san baƙin asibiti. Waya ce za ta shigo da asuba: "Yaya, mun taso, jikin Inna ya ƙi." Kafin la'asar mota ta sauke su da tabarma da kwanuka, majinyaciya na kwance a kujerar baya. Daga Wase zuwa Jos tafiyar kimanin kilomita 200 ce, kuma a kan hanya sun wuce asibitocin gwamnati da aka gina domin irinsu. Ginin yana nan, allon suna yana nan. Abin da ya hana su tsayawa shi ne ba su da tabbacin za su tarar da likitan da zai iya shiga tiyata da tsakar dare, kuma ba wanda zai yi caca da ran mahaifiyarsa.

Ƙarancin likita ya game ƙasar baki ɗaya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuma ba su wuce 55,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Waɗanda suka ragen ma sun taru ne a Legas da Abuja da sauran manyan birane. A Filato haka abin yake a ƙaramin sikeli. Jihar na da ƙananan hukumomi 17, amma asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da asibitin ƙwararru na jiha, da asibitin mishan na Jankwano, duk a cikin Jos suke. Mai son ganin taron likitoci ya zo Jos. Mai son ganin inda ake nemansu ido rufe ya gangara Kanam, Mikang, Qua'an Pan ko Langtang ta Kudu.

Mutane na yawan maganar likitocin da suka tafi Ingila da Saudiyya kamar wannan matsalar manyan asibitoci ce kawai. A gaskiya wanda ke biyan kuɗin tafiyar tasu yana can ƙauye. Abin kamar sahun salla ne: idan gurbi ya buɗe a sahun gaba, na baya ne ke matsowa ya cike, na bayansa ma ya matso, har giɓin ya koma sahun ƙarshe. Babban likita ya bar asibitin koyarwa ya tafi waje, sai asibitin ya ɗauki sababbi. Su wa za su nema? Likitocin da ke aiki da gwamnatin jiha. Jiha ta ga babban asibitinta na birni ya yi ƙaranci, sai ta janyo na Shendam ko Pankshin ta cike. Gurbin da ya buɗe a Lamingo, bayan wata shida sai ka same shi a asibitin da ba wanda zai matso ya cike shi.

Ana saurin cewa likitocin yanzu son kuɗi ne da su, ba su da tausayi. Ban yarda da wannan a matsayin bayani ba. Akwai masu kwaɗayi a kowace sana'a, amma idan mutum ɗari suka yanke shawara iri ɗaya, mai hankali zai duba abin da aka ajiye a gabansu. Kuma abu mafi nauyi da aka ajiye a gaban matashin likita, wanda ba a cika faɗarsa ba, shi ne hanyar ci gabansa a aiki.

Yaro zai yi shekara shida a makarantar likitanci, idan yajin aikin malaman jami'a bai ƙara masa ba, kamar yadda na 2020 da na 2022 suka cinye wata takwas zuwa tara kowanne. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sai shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Yana dosar shekara talatin kenan, kuma a idon sana'arsa bai fara ba tukuna. Kafin ya zama ƙwararre a tiyata, ko haihuwa, ko ciwon yara, sai ya ci jarrabawar share fage, ya sami gurbi a asibitin da kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma ta amince da shi, ya ƙara shekara biyar ko shida a ƙarƙashin manya. Irin waɗannan asibitoci kusan dukkansu a manyan birane suke. To likitan da ya amsa kiran jiha ya tafi babban asibitin wata ƙaramar hukuma, ya yi shekara biyar yana ciro jarirai ta tiyata, yana ɗinke hanjin da taifot ya huda, yana gyaran kaba, idan ya dawo neman ƙwarewa daga matakin farko zai fara. Abokin karatunsa da ya maƙale a Jos tun farko ya kusa zama babban likita, shi ne ma zai riƙa duba aikinsa. Shekarun ƙauyen sun ƙara masa iya aiki ƙwarai, amma a takarda ba su ƙara masa komai ba. Wanda ya ga haka ya faru da yayansa a sana'a ba zai maimaita ba. A ganina nan ne gindin matsalar, kuma duk tsarin da bai taɓa wannan ba zai yi ta ɗiban likitoci yana rasa su.

Sai yanayin aikin kansa. A asibitin koyarwa, likitan da ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa zai ɗaga waya ya kira na sama da shi. A karkara sau da yawa shi ne na sama, shi ne na ƙasa. An kawo mace da doguwar naƙuda, ko tana jijjiga, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa. Yana buƙatar mai sa barci, da jinin da aka gwada aka adana a firji, da wuta a ɗakin tiyata, da nas da za ta kwana a kanta. Idan ɗaya ya ɓace, zaɓi biyu ne gare shi: ya yi aikin a haka ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya, ko ya rubuta takarda ya ce a wuce Jos, yana sane da cewa mai yiwuwa ba za ta kai ba. Wanda yake yin wannan zaɓi mako bayan mako, ba hutu, ba wanda zai karɓe shi ko da zai je jana'izar ɗan'uwansa, zuciyarsa ce ke fara gajiya kafin jikinsa. Shi ya sa tura likita ɗaya tilo asibiti kusan daidai yake da sanya masa ranar tafiya. Likita uku a wuri ɗaya sun fi daɗewa a kan likita uku a wuri uku, domin suna iya raba kwana, su yi shawara, ɗaya ya tafi kwas biyu su riƙe.

Haɗarin kamuwa da cuta ma ba sabon abu ba ne a Filato. A Jos ne Dokta Jeanette Troup ta rasu a 1970 bayan ta kamu da zazzaɓin Lassa wajen aikinta, shekara guda bayan an gano cutar. Har yau Lassa na kashe ma'aikatan lafiya, kuma wanda ke asibitin da safar hannu ma sai majinyaci ya sayo ya fi kowa sanin haka. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari na likita naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi.

Batun albashi a fili yake, ba sai an daɗe a kansa ba. Akwai tsarin albashin likitoci na tarayya, amma bai zama dole a kan jihohi ba, kuma jihohi da dama wani kaso kawai suke biya, ko su yi jinkirin aiwatar da ƙari. Manyan asibitocin karkara na jiha ne, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos kuma na tarayya. Ke nan wanda aka tura wuri mafi wahala shi ne mai ƙaramin albashi. Ga shi a Jos likita na iya rufe aikin gwamnati ya leƙa asibitin kuɗi da yamma ya samu na cefane. A ƙauye babu wannan ƙofa. Alawus ɗin zaman karkara yana cikin tsarin, amma bai taɓa kai yawan da zai sa mutum ya sake lissafi ba.

Likita kuma ba shi kaɗai yake yanke shawara ba. Yana da mata, wataƙila ita ma ma'aikaciya ce. Yana da 'ya'yan da ake neman musu makaranta. Idan likitar mace ce, abin ya ninka, domin da wuya miji ya bar aikinsa ya bi ta, alhali matan karkara da yawa sun fi sakin jiki su faɗi damuwarsu ga 'yar'uwarsu mace. A kan wannan sai tsaro ya hau. Harin da aka kai ƙauyukan Kanam a watan Afrilun 2022, da rikicin Mangu na 2023, da kashe-kashen Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin shekarar, duk suna cikin kan uwar da ɗanta ya zo ya ce an tura shi can. Masu garkuwa da mutane na kallon likita a matsayin mai kuɗi ko da albashinsa bai shigo ba. A ƙarshen 2023 an sace wata likita daga gidajen ma'aikata na asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna, ta yi wata goma a hannu, har ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki a kanta. Wannan a cikin birni kenan.

Akwai kuma abin da mu mutanen Jos muka sani amma ba mu son faɗa a bainar jama'a. Tun rikicin 2001 garin ya rabu, kuma rabuwar ta bi mutane har cikin lissafin inda za su iya kwana da ido biyu a rufe. Likita Musulmi zai yi tunani kafin ya amsa aiki a wasu yankuna, likita Kirista ma haka a wasu. Sannan ga takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen ɗaukar aikin jiha da tallafin karatu. Yaron da aka haifa a Dilimi, ya girma a nan, ya karanta likitanci a nan, yana iya samun kansa yana neman aiki a wata jiha saboda wannan takarda. Ba Filato kaɗai ke yin haka ba. Jihohin Arewa da dama na ɗaukar wanda ba ɗan jiha ba a kan kwantiragi, babu fansho, babu tabbas. Jihar da ke kukan rashin likita ba ta da hujjar tambayar wanda ya zo neman aiki inda aka haifi kakansa.

Maganin da hukumomi suka fi saurin kai hannu gare shi shi ne tilas. Tun 1973, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato, ta kafa shirin hidimar ƙasa, asibitocin karkara da yawa sun dogara ne da likita mai bautar ƙasa. Yana da amfani, ba a musu. Amma shi ne mafi ƙarancin gogewa a cikin likitoci, an ajiye shi a wurin da ya fi buƙatar gogewa, kuma daidai lokacin da ya fara gane mutane, su ma suka fara yarda da shi, shekararsa ta ƙare. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin da zai hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a cikin ƙasa. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, ƙungiyoyin likitoci suka tashi a kansa. Na fahimci zafin da ya haifar da shi, domin da dukiyar jama'a ake horar da likita a jami'ar gwamnati. Sai dai ko da ya zama doka, a cikin Najeriya zai tsare likita, ba a Mabudi ta Langtang ta Kudu ba. Zai yi shekarunsa biyar a Abuja yana shirya takardun fita.

Shirin tura ungozoma karkara da aka fara a 2009 ya koya mana wani darasin. An raba nauyi uku: tarayya ta biya wani kaso na alawus, jiha ta ƙara, ƙaramar hukuma ta ba da nata tare da masauki. A wurare da yawa na tarayya ne kawai ya riƙa zuwa, masaukin ma babu, ungozomomi suka yi ta komawa gida. Duk alƙawarin da aka rataya a wuyan hukuma uku, ma'aikaci ya san ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan aka saɓa.

To me ya yi aiki a wasu wurare? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan wannan batu a 2010, ta sabunta su a 2021, kuma abin da ya fi samun goyon bayan bincike a ciki shi ne asalin ɗalibi: wanda ya tashi a karkara ya fi yiwuwa ya koma aiki a karkara. Tailan ta daɗe da wajabta wa sababbin likitoci aikin shekara uku da gwamnati, amma ta ga hakan bai wadatar ba, sai a tsakiyar shekarun 1990 ta ƙaddamar da wani shiri na ɗiban ɗalibai daga yankunan karkara, tana horar da su a asibitocin larduna kusa da gida. Japan ta kafa jami'ar likitanci ta Jichi a 1972, inda kowane lardi ke tura 'ya'yansa su yi karatu, a yafe musu kuɗin makaranta idan sun koma sun yi wa lardinsu aikin shekara tara. A nan gida ma, shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya ɗebo 'yan mata daga ƙauyuka, ya yi musu shekarar share fage don su cike giɓin sakandare, sannan suka shiga makarantun jinya da ungozoma da sharaɗin komawa garuruwansu.

Wannan shekarar share fagen ita ce abin lura. Gwamnatin tarayya ta ƙara yawan ɗaliban da makarantun likitanci za su iya ɗauka, kuma hakan daidai ne. Amma wa zai cike guraben? Makin da ake nema don shiga likitanci, ɗan makarantar kuɗi ta Rayfield a Jos ne zai kawo shi, ba yaron da ya gama sakandaren gwamnati a Bashar ta ƙasar Wase ba tare da ya taɓa ganin malamin kimiyyar sinadarai na dindindin ba. Idan ba a ware gurabe ga 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi ba, aka kuma taimaka musu su kai matakin, ƙarin gurabe zai ƙara yawan likitocin Jos da Abuja da Landan ne kawai. Yaron Bashar da ya zama likita yana jin yaren majinyacinsa, iyayensa na kusa, ba baƙo ba ne da za a yi masa kallon tsoro ko ya yi wa wasu. Ba kowane ne zai koma ba, amma a cikinsu ne za a sami masu zama.

Filato ba daga sifiri za ta fara ba, kuma wannan ne ke ƙara min takaici. Asibitin mishan na Vom ya haura shekara 100 yana aiki a wajen birni. Jankwano ya daɗe yana horar da likitocin iyali, wato irin likitan da aka koya wa duba yaro da babba, karɓar haihuwa da yin tiyatar gaggawa, wanda shi ne ainihin abin da babban asibitin ƙaramar hukuma ke buƙata. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos kuma yana da cibiyoyi a Gindiri da Zamko. Zamko, a ƙasar Langtang, ta yi suna wajen maganin saran maciji, musamman kububuwa da ke addabar manoma a gangaren jihar lokacin noma da girbi. Abin da ya sa likita ke zuwa irin waɗannan cibiyoyi shi ne zuwan nasa yana cikin aikinsa da horonsa. Igiyarsa na ɗaure da babban asibiti, albashinsa na tafiya, ya san ranar dawowarsa. Da za a ɗaga manyan asibitocin Shendam, Langtang da Pankshin su cika sharuɗɗan horar da likitocin iyali, a riƙa tura manyan likitoci daga Jos suna kwana biyu ko uku suna koyarwa da tiyata, a kuma ba wanda ya yi shekara uku a karkara fifiko wajen samun gurbin ƙwarewa da tallafin jiha, da zaman Shendam ya zama hanyar ci gaba maimakon jinkiri. Wannan ya fi sayen sababbin motocin ɗaukar marasa lafiya wahalar shiryawa, domin sai jiha da asibitin tarayya da kwalejojin horarwa sun zauna tebur ɗaya, kuma ba abin da za a yanka ƙyalle a kai a ɗauki hoto.

Dole kuma a faɗi gaskiya: ba kowane ƙauye ne zai sami likita ba, ko yau ko nan da shekara ashirin, kuma ba lallai ne ya buƙata ba. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, rigakafi, awon ciki, haihuwar da ta zo da sauƙi, gwajin hawan jini, duk aikin nas da ungozoma da malaman lafiya na matakin farko ne, irin waɗanda kwalejin Vom da ta Pankshin ke yayewa. Tun 2014 Najeriya ke da manufar miƙa wasu ayyuka ga waɗannan ma'aikata bayan ƙarin horo. Abin da ƙauye ke buƙata shi ne asibitin sha-ka-tafi mai ma'aikaci da magani, wanda ya san alamar haɗari, da babban asibiti a nisan da mace mai zubar jini za ta iya kaiwa da rai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a hannun ƙwararren ma'aikaci, a karkara kuwa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Wannan babban asibiti na tsakiya shi ne marayan tsarin lafiyarmu. Tarayya na riƙe da manyan asibitocin koyarwa. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta tanadar masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da yawancin tallafin ƙasashen waje, sun fi karkata ga ƙananan cibiyoyi. Na tsakiya an bar wa jiha, ita kuma jiha albashi ya cinye mata kasafi. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma kasafin tarayya bai taɓa zuwa kusa da haka ba. A ƙarshen 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mataki ne mai kyau, domin kuɗin tiyata ya sa iyalai da yawa sun tsaya shawara har lokaci ya ƙure. Amma shirin yana biyan kuɗin aikin ne a asibitin da ke iya yin sa. Macen da ke ƙauyen Kanam za ta ci moriyarsa ne kawai idan a daren da naƙuda ta tsaya akwai likita a Dengi, hedikwatar ƙaramar hukumar, da mai sa barci, da jini a firji, kuma ɗaukar waɗannan mutane da riƙe su yana hannun gwamnatin jiha da majalisar dokokin da ke amince mata da kasafi.